Ruwan Kalwar Inna

Gidan da aka haife ni yana cikin wani lungu a Ƙofar 'Yandaka, kuma baƙo bai taɓa shan wahalar gane shi ba, hancinsa ke kai shi har ƙofa. Mahaifiyata daddawa take yi. Tun kafin in yi wayo take yin ta. Da ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, ni da ƙanwata, da ita kuma ta yi mini duk hidimar makaranta har na zama malamin firamare mai saƙala biro biyu a aljihun gaba. Inna muke ce mata. Mutanen unguwa kuwa sun daɗe da mance sunanta na yanka, mai daddawa kawai suke cewa, ita kuma ta amsa da ƙarfinta.

Wanda bai san aikin ba gani yake ɗan baƙin abu ne da ake jefawa a miya. Aikin ruwa ne daga farko har ƙarshe. Kalwa, wato ƙwayar ɗorawa, tauri gare ta kamar tsakuwa, sai ta wuni a kan wuta cikin rabin ganga kafin ta saki. A sauke, a surfa ta a turmi da toka, sannan a shiga wanki, a wanke a zubar, a wanke a zubar, har ɓawon ya rabu da ƙwayar. A sake dafawa, a tsane, a rufe a masaki da buhuna kwana biyu ko uku har ta nuna, sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Ruwan dahuwar farko baƙi ne mai kauri, kuma ba zan yi ƙarya in ce ƙamshi yake ba. Duk wannan ruwa ta rariya yake fita, ɗan ramin nan da ke gindin katanga, ya bi kwatar lungu ya gangara kududdufin bayan unguwa. Haka muka taso muka gani, ba wanda ya taɓa cewa uffan, don kowane gida a lungun da daddawar Inna yake miya.

Kududdufin nan mu muka fara cika shi da shara, ban cire kaina ba. Daga baya wasu masu ido da kuɗi suka zo da tifa-tifa na ƙasa suka ƙarasa shi, aka yanka fegi, aka tayar da gidaje har da mai bene. Ruwa ya rasa inda zai nufa. Damina biyu muka yi muna naɗe wando kafin mu shiga gida. Saboda haka ranar da aka fara haƙa lambatu a bakin titi, babbar magudanar nan ta siminti, aka kuma haɗa kwatar lungunmu da ita, murna muka yi har da addu'a a masallaci. Ni na ma rubuta takardar godiya a madadin unguwa, da Turancina mai ƙarfi.

Akwai abu biyu da ya kamata in faɗa kafin in zo ga ranar da na yi ɓarnata.

Na farko, ni ne ɗan fari, Inna kuwa mutuniyar ƙauye ce ta asali, aure ya kawo ta birni, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban fuskata ta yi mini magana, balle a gaban mutane. In tana da abin faɗa mini, ƙanwata take gaya wa, ina zaune ina ji: "Ki ce mashi abincinshi na nan rufe." In ƙanwar ba ta nan, sai ta yi maganar da iska: "A dai sa hula, rana ta yi." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba, kowa ya san uwa ba ta nuna ɗan fari. Amma ya koya mini wata muguwar ɗabi'a. Maganar da ba a ambaci sunana a cikinta ba, in ta yi mini sai in ji ta, in ba ta yi mini ba sai in yi kamar ba da ni ake ba.

Na biyu, shekara guda kafin nan an taɓa zuwa rubuta mata masu ƙananan sana'o'i. Da aka tambayi Inna sai ta ce ai ita ba ta sana'a, ɗan abin da ba a rasa ba ne kawai. Haka mutanenmu suke, ba a faɗin samu, don gudun baki. Masu rubutu suka wuce. Bayan 'yan watanni sai ga matan da ko ƙosai ba su iya soyawa ba suna shigowa da injin markaɗe da keken ɗinki. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Na rantse duk ranar da wata takarda ta sake shigowa gidan nan, ni zan cika ta, kuma ba abin da zan rage.

Takardar ta zo wata Asabar da hantsi. Na taho daga Kambarawa, inda nake haya da iyalina, don in gaida Inna kamar yadda na saba. Ƙanwata, wadda ke aure a bayan layinmu kuma take zuwa kullum ta taya ta aiki, ta tafi suna Ƙofar Kwaya. Ranar dahuwa ce, ganga na kan wuta tun asuba. Ina zaune a zaure sai ga sallamar mutum biyu, duba-gari ne, ma'aikatan tsabta. Ɗaya dattijo mai furfura a gemu, shi ke riƙe da fayil, ɗayan kuma matsakaici. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya aiki, ya muka ji da zafi. Inna ta miƙo ruwa ta bayan ƙofa, ta koma ta zauna nan kusa inda take jin komai.

Dattijon ya gyara zama ya ce, "Malam, ka san lambatu ya zo da dokarshi. Ruwa a wurinmu iri huɗu ne. Akwai ruwan sama, wanda don shi aka yi lambatun. Akwai ruwan gida, na wanka da wanke-wanke da alwala, shi ma an yi mashi uzuri shi bi. Akwai ruwan masai, wannan ko ɗigo ba a yarda shi shiga ba. Sai kuma ruwan sana'a, shi sai an tace shi an ba da izini. Muna bin gida-gida ne muna rubuta wane iri kowa ke saki."

Ni duk bayanin nan kalma ɗaya na kama, sana'a. Na leƙa fom ɗin na ga akwai gurbin irin aikin, da gurbin yawan abin da ake yi, da gurbin masu taya aiki, sak irin na masu rabon inji. Na ce, "To masu sana'ar, taimaka musu za a yi da wurin tacewar?"

Ya ce, "Allah Shi ne masani, Malam."

Duk wanda ya girma a garin nan ya san abin da wannan amsa ke nufi. Ni ma na sani. Amma kwaɗayi da haushin bara sun toshe mini kunne, na fassara ta yadda nake so.

Sai ya duƙar da kai yana duban takardarsa ya ce, "Nan gidan zama ne dai ko?" Ga hayaƙi ya cika zauren, ga warin kalwa har abokin aikinsa ya rufe hanci da hannun riga. Mutumin nan ba makaho ba ne, ba kuma mura yake ba. Ƙofa ya buɗe mana, ya kauda kai don mu wuce.

Daga bayan ƙofa Inna ta ce, "Gidan zama ne. A rubuta hakanan."

Ba ta ce da wa take ba, don haka na yi kamar ban ji ba. Na miƙa hannu na ce ya ba ni in cika da kaina, tunda da Turanci ne. Na zaro biro. Na rubuta gidan zama da sana'a. Na rubuta daddawa, har na yi bayanin mece ce ita. Da na zo gurbin yawa, na ɗaga murya ina lissafa kwanakin dahuwa a mako, na ma ƙara ɗaya a kai don abin ya yi kwarjini.

Inna ta sake cewa, "A dai rage."

Na ce da dattijon, ina murmushi, "Ka san tsofaffinmu da ɓoye-ɓoye. Shi ya sa kullum ake barin mu a baya."

Na ji ta yi tari. Na ji ta buga ludayi a jikin ganga har sau biyu ba dalili. Da ƙanwata ce a zauren nan, da tuni Inna ta kira sunanta ta ce ta ajiye takardar ta shigo, magana ta ƙare. Ni kuwa ba ta da hanyar da za ta tsayar da ni. Ta kira sunan ɗan fari a gaban baƙi maza, ta yi masa faɗa? Abin da ba ta yi ba shekara arba'in ba za ta fara shi ranar ba. Ta yi duk abin da al'adarta ta bar mata, ni kuma na ci gaba da rubutu.

Da na sa hannu na miƙa, dattijon ya karanta a hankali, ya dube ni ya ce, "Malam, haka zan tahi da ita?"

Na ce, "Haka. Mu ba mu yin ƙarya."

Ya ce, "To, madalla," ya sa ta a fayil.

Na shiga ciki wurin Inna. Ta turo mini kwanon ɗumame ta koma wurin wutarta. Sai da ƙanwata ta dawo da la'asar na ba ta labari ina jiran yabo. Ta ajiye gyalenta ta ce, "Yaya, ka kashe mu."

Bayan mako uku notis ya iso, takardar gargaɗi daga hukuma. A tsakar gida na tsaya na karanta ina fassarawa, ƙanwata na tsaye, Inna na juya daddawar da ta shanya a tabarma. An sa gidanmu a jerin wuraren sana'a masu sakin gurɓataccen ruwa. Ruwan kalwa ba zai ƙara shiga kwata ba sai an gina ramin tacewa mai ɗaki uku, inda ruwa zai kwanta dattinsa ya zauna, daga nan ya wuce sokawe, ramin da ƙasa ke shanye ruwa, sannan a zo a duba a ba da izinin saki. In wa'adi ya cika ba a yi ba, za a toshe rariya. Kowace kalma na fassara ta daidai. Ban taɓa jin haushin ilimina kamar ranar ba.

Na ce za mu gina ko da zan sayar da babur ɗina. Dattijon ya dawo duba wuri. Nan wata dokar ta fito: ramin sai ya yi nisan taku kaza da rijiya, don kada ya gurɓata ruwan sha. Rijiyarmu kuwa a tsakiyar gida take, gidan kuma irin na cikin birni ne, ɗaki uku da ɗan fili. Ya tsaya a bakin rijiyar ya fara taku yana ƙirgawa, bai kai rabi ba ya iske katanga. Ya juya ta ɗaya ɓangaren, ya iske ƙofar ɗakin Inna. Doka ɗaya ta ce kada ruwan ya fita, ɗaya ta ce ba wurin da zai zauna a ciki.

Na fara sintiri a ofis. Na ce kuskure ne, a gyara, a mayar da mu gidan zama. Ma'aikacin da ke riƙe da fayil ya zaro takardar ya shimfiɗa a gabana, ya sa yatsa a ƙasa. "Wannan sa hannun wane ne?" Na ce nawa. "Rubutun fa?" Na ce nawa. Ya ce, "To ai ba mu muka ce ba, Malam, kai ka ce. Har bayani ka ƙara mana." Ya ce gida ba ya fita daga jerin nan sai ta hanya ɗaya, mai sana'ar ta sa hannu a takardar cewa ta daina, a zo a gani an daina. Na ɗaga murya, na kawo maganar talaka da hukuma, na kawo maganar kududdufin da aka sayar. Ya bar ni na gama sannan ya kira na bayana.

Na je wurin mai unguwa ina tsammanin zai shiga maganar. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, gida nawa ne a lungun nan ba a sana'a cikinshi? Mai wankin babura na bakin layi mi ya rubuta? Gidan zama. Alhajin da ke turke raguna mi ya rubuta? Gidan zama. Mai rini hwa? Kowa ya san abin da ake cewa in takarda ta zo. Duba-garin nan da kanshi ya sa maka amsa a baki. Kai kaɗai ka yi boko a unguwar nan?" Na yi masa sallama na fito.

Wa'adi ya cika. Suka zo da magini da ɗan siminti a kwano, cikin minti kaɗan aka liƙe rariyar da ta girme ni. Dattijon ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, aiki ne." Ta ce, "Ba laihinka ba ne, Malam." Ba ta ce laifin wane ne ba.

Abin da ban zata ba, Inna ba ta daina ba. Kusan wata biyu ta yi tana kokawa. Da farko ta sa aka haƙa ɗan rami a kusurwar gida, ya cika a dahuwa ɗaya, ƙasar ta ƙi sha. Sai ta koma tara ruwan a bokitai, ita da ƙanwata su ɗauka a kai su fita da shi can bayan ƙofar gari inda ake zubar da shara. Mace mai shekarun Inna, da bokitin baƙin ruwa a ka, tana ratsa titi tsakanin babura, ruwan na fantsalo mata a zane. Ba ruwan kalwa kaɗai ba, har na wanka da na wanke-wanke, don simintin bai san bambancin iri huɗun nan ba, duka ya tare. Na samo mai kura ya riƙa kwashewa a jarkoki, ya yi kwana huɗu ya ce jarkokinsa sun ɗauki wari, masu sayen ruwa sun fara gudunsa. Dahuwa ta koma sau ɗaya a mako. Masu saro daddawa su kai kasuwa suka fara zuwa suna komawa da kwano rabi.

Na ce ta dawo Kambarawa ta riƙa yi a gidana. Mai gidan haya ya ce sokawensa na mutum huɗu ne, ba zai yarda a cika masa shi da ruwan kalwa ba. Na ce to zan ɗauko guduma in fasa simintin, abin da zai faru ya faru. Inna ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki ce mashi kar a ƙara mani wata."

Cikin wannan hali damina ta sauka. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka tsuge da ruwa, na fake a rumfar mai shago da ke bakin lungu, lambatu na gabana. Nan na ga dokar iri huɗu da idona. Mai wankin babura ya kife tasar baƙin mai a ciki. Daga gidan Alhaji aka riƙa turo kashin raguna da tsintsiya. Mata suka fito da kwandunan shara suna juyewa, don haka ake yi, in ruwa ya zo kowa sai ya ba shi aike. Gidan benen nan kuma da aka gina a kan kududdufinmu, wani bututu da ke ɓoye a ƙarƙashin dakalinsa ya buɗe, abin da ya fito ba sai na faɗa ba, hanci ya shaida. Ruwan masan da aka ce ko ɗigo ba a yarda ba, ga shi yana tafiya da izinin kansa. Duk waɗannan gidajen zama ne a takarda. A lungun gaba ɗaya rariya ɗaya ce tak a toshe, ta tsohuwar da ruwanta ba abin da ke ciki sai toka da ɓawon ɗorawa.

Na shiga gida jiƙe sharkaf, na iske tsakar gida ta zama tafki, Inna da ƙanwata na kwashe ruwan sama da kwanoni suna watsawa ta zaure. Na ce wallahi gobe sai na rubuta ƙara, gida-gida zan lissafa, kowa da abin da yake saki, in za a toshe a toshe na kowa. Inna ta miƙe da kwano a hannu. Ta ce da ƙanwata, "Ki ce mashi in ya rubuta, kar shi sake tako gidan nan. Rubutun da aka yi ya isa." Ita ce magana mafi zafi da ta taɓa aiko mini a rayuwata, kuma ban rubuta ba.

Ba gajiya ce ta kayar da ita ba, ba kuma hukuma ba. Katangarmu ta yamma ta ƙasa ce, mun haɗa ta da wata tsohuwa, aminiyar Inna, wadda suka shigo lungun suna amare kusan lokaci ɗaya. Ruwan da ke kwanciya a gidanmu ya riƙa cin gindin katangar a hankali. Wata safiya tsohuwar ta shigo, suka gaisa kamar kullum, ta zauna ta sha koko. Da za ta tafi sai ta ce, "Taho ki ga wani abu a ɗakina." Ba ta kawo ƙara ba, ba ta ɗaga murya ba. Inna ta bi ta, na bi bayansu. Bangon da gadonta ke jingine da shi ya jiƙe har ƙugu, ya tsage daga sama, ana hango haske ta tsagar. A nan tsohuwar ke kwana da jikokinta.

Inna ta daɗe tana duban bangon. Da muka dawo ta ce da ƙanwata, "Ki ce mashi shi amso takardar."

Na amso takardar daina sana'ar. A zauren nan dai, dattijon nan dai. Na ce zan karanta mata abin da ke ciki, ta ce da iska, "An sani." Ya buɗe tawada, ta dangwala babban yatsanta, yatsan da toka da ruwan zafi suka cinye wa zane har sai da ta danna sau biyu kafin ya fito. Suka shiga suka ga an kife ganga, an wanke turmi. Kafin azahar magini ya fasa simintin. Ruwan da ya fara bi ta rariyar na alwalarta ne.

Rabin gangar ta ba mai wankin babura. Masakan ta ba ƙanwata ta ce ta zuba hatsi. Ragowar kalwar da ta saya tun kaka, buhu ɗaya da rabi, ta aika wa wata 'yar'uwarta a ƙauye. An gyara katanga. Gidan ya yi tsaf, ba hayaƙi, ba ƙuda, har mutane suna cewa ashe filin da faɗi.

Ni kuma na ɗauki nauyinta, ba abin da take nema ta rasa. Duk wata ina kai mata gero da shinkafa da mai da sabulu. Tana karɓa ta ce wa ƙanwata a yi mini godiya. Amma na san abin da na yi. Matar da asuba ba ta taɓa iske ta a kwance ba, yanzu sai in zo da hantsi in same ta zaune a ƙofar ɗaki, hannuwanta a kan cinya, tana kallon kaji. Da mata ke cika gidan tun safe, masu saye da masu sari da masu zuwa hira da sunan saye, ita ke jin labarin gari kafin kowa, ita ake kawo wa ƙarar miji da ta suruka. Da daddawa ta tafi, duk suka tafi da ita, ba don mugunta ba, kowa da abin da ya fito da shi. Cikin shekara ɗaya ta tsufa tsufan da ba ta yi ba a shekara goma. Kullum ina jiran ranar da za ta ce wa ƙanwata, ki ce mashi shi ya jawo. Da ta faɗa da na sami sauƙi. Ba ta taɓa faɗa ba.

Wata ranar Lahadi ina gidan sai ga wata dattijuwa daga Ƙofar Kwaya, tsohuwar mai saye ce, ta yi shekara biyu a wurin 'yarta a wani gari ba ta san abin da ya faru ba. Ta shigo da kwanonta tana cewa ta yi marmarin miyar kirki. Suka gaisa da Inna suka daɗe. Sannan ta waiga ta ga ba ganga, ba tabarmar shanya.

Ta ce, "A'a, ina daddawar? Ko lahiya?"

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai fito. Inna ta ce, "Lahiya lau. Ai na aje. Gwiwa ta fara gardama, yara kau suka ce in huta hakanan, su za su yi mani komi."

Matar ta juyo gare ni fuskarta cike da fara'a. Ta ajiye kwanon ta ɗaga hannu biyu. Ta ce Allah Ya yi mini albarka, Allah Ya ba ni masu yi mini, ɗa na gari ke nan wanda ya ga wahalar uwarsa ya ce ta isa. Ta ce wasu na nan sun bar iyayensu cikin hayaƙi har mutuwa. Ta yi ta jero addu'a, Inna na amsawa da amin, amin, kanta a duƙe, muryarta ta fi tawa fitowa. Ni ma na ɗaga hannu na shafa, don ban ga abin da zan yi ba in ba haka ba.

Matar nan ba ta iya riƙe labari ba, kafin mako ya zagayo ta kai shi ko'ina. Waɗanda suka san gaskiya a lungun suka yi shiru don darajar Inna. Har yau a unguwar, in ana yi wa wani faɗa a kan ya yi watsi da uwarsa, da ni ake yi masa kwatance.